Na'urar Riƙe Gudun Mota da Mai Iza Wutar Ƙosai

Duk wanda ya tashi a gidan da ake suyar ƙosai ya san aikin na mutum biyu ne: mai zuba ƙullu da mai iza wuta. A gidanmu Gwaggo ce ke zama gaban kasko tun ana sallame sallar asuba, kwanon ƙullu a damanta, matsami a hannu, yara sun yi layi kowa da kwanonsa. Yayata kuwa tana tsugune a gindin murhu da tulin kara da 'yan faskaren itace. Ba ta taɓa ƙullu, ba ta karɓar kuɗi. Aikinta guda ne, ta riƙe zafin man gyaɗan nan a daidai inda Gwaggo ta ce ya yi.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙaramin aiki ne, amma mai ba ya zama a zafi ɗaya. Da an zuba sabon ƙullu sai tafasar ta kwanta, in ba a iza wuta nan take ba ƙosai ya sha mai, ya fito laƙwas, ba mai saye. Da an tsame kuma sai zafi ya hau, in ba a janye kara ba zubi na gaba ya ƙone a baya, cikinsa ɗanye. Saboda haka idon Yaya yana kan kasko, hannunta yana kan kara, kunnenta kuma yana wajen Gwaggo. Kalma ɗaya Gwaggo ke faɗa, "Janye!", kafin ta rufe baki an zare itacen an turmusa shi a ƙasa.

Wata safiya ta hunturu iska ta juyo da hayaƙi fuskar Yaya, idanunta suka cika da hawaye. Ba ta ci gaba da tura kara a makance ba. Sai ta zare itacen duka, ta ce, "Gwaggo, ba na gani." Masu saye suka fara ƙunƙuni, amma Gwaggo ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi, "Kin kyauta, gara a jira da a ƙona kasko."

Shekaru da dama bayan nan na tarar da irin wannan mai iza wuta a cikin mota. Direbobi suna ce mata kurus, wato na'urar da ke riƙe gudu. Ka kai mota gudun da kake so, ka danna maɓalli a jikin sitiyari, ka ɗauke ƙafa daga totur, ita kuma ta ci gaba da tafiya a haka. In an zo hawa ta ƙara mai, in an zo gangara ta rage, tamkar yadda Yaya ke yi in an zuba ƙullu ko an tsame. Da ka taɓa birki kuwa ta saki, ta mayar maka da ragamar. Birki shi ne "Janye!" ɗin Gwaggo.

Abin da zai ba mutum mamaki, wanda ya ƙirƙiro ta makaho ne. Sunansa Ralph Teetor, injiniya daga wani ƙaramin gari mai suna Hagerstown a jihar Indiyana ta Amurka. An haife shi a 1890, ya rasa ganinsa yana ɗan shekara biyar, amma hakan bai hana shi karatun injiniya har jami'a ba. Ana ba da labarin cewa lauyansa ne ya tunzura shi, domin in yana tuƙa shi sai ya riƙa rage gudu yana ƙarawa gwargwadon yadda hira ta kama. Wanda ba ya gani da jikinsa yake jin tafiya, kowace fizga tana damunsa. Ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958. Tun daga lokacin ƙirar ta sauya sau da yawa, amma tushenta bai sauya ba: ido mai ganin gudu, hannu mai jan totur, kunne mai sauraron birki.

Ni da kurus mun saba a hanyar Kano zuwa Potiskum, wadda nake bi kusan duk wata. Motata tsohuwa ce, irin waɗanda muke kira Beljiyam. In na wuce cunkoson Wudil hanya ta miƙe, sai in ɗora ta a kan kilomita 100 a awa, iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci a tagwayen hanya, ƙafata ta huta, mai kuma ya yi auki. Ran nan na danna, 'yar koriyar fitila ta kama a gabana alamar na'urar ta farka. Na danna maɓallin da ke kama gudun, na ɗauke ƙafa, sai kawai mota ta fara sanyi. Na sake, haka. Har na isa Azare ban daina gwadawa ba, ba ta kama ko sau ɗaya ba.

Bakaniken farko da na tsaya wajensa ko bonet bai buɗe ba. Ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano an sayo wata, ya faɗi kuɗin da ya sa na yi shiru. Wani mai shayi da ke jinmu ya nuna mini rumfar wani dattijo mai gyaran wayarin a ƙetaren titi. Na je na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko oda tana yi. Na danna, ta yi. Ya tambaya ko allurar maleji tana tafiya daidai, na ce lafiya lau. Ya tambaya ko akwai wata fitilar gargaɗi da ta kama, na ce babu. Sai ya ce, "Malam, fito ka zo nan baya ka gani."

Na fito na zagaya. Fitilun birki duka suna ci jajur, alhali babu kowa a cikin motar. Rana ce ta sa ban lura ba, kuma mai tuƙi ba ya ganin bayansa. Dattijon ya sa yaronsa ya ɗaga shimfiɗar ƙasan direba, sai ga wasu 'yan ɓurɓushin roba, kai ka ce busasshen goro ne aka taka. Ya tsince su ya zuba mini a tafin hannu, ya ce, "Ga ƙwaƙwalwar taka nan."

A saman sandar birki akwai wani ɗan makunni mai harshe. In ƙafarka ba ta kan birki, wata 'yar roba mai girman maɓallin riga tana danne harshen nan, fitilun baya su mutu. In ka taka, robar ta janye, harshen ya fito, fitilu su kama. Tsufa da zafin ƙasarmu sun busar da tawa ta farfashe, harshen ya faɗa cikin ramin da ta bari. Tun daga Kano motar tana jin kamar ƙafata na kan birki. Ina ce mata riƙe, kunnenta kuma yana jin "Janye!" ba ƙaƙƙautawa. Wace yarinya mai tarbiyya ce za ta iza wuta alhali uwar ɗakinta na ce mata ta janye? Aka sa sabuwar roba, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Dattijon ya ƙara da cewa da na kwana da ita haka, da safe sai an tura ni, domin fitilun za su shanye batir. Hausawa sun yi gaskiya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da na ɗauka daga rumfar nan shi ne, yawancin lokaci in kurus ta ƙi kamawa lafiyarta ƙalau. Ƙin da ta yi shi ne aikinta. An ƙera ta ne a kan cewa duk sa'ad da ta yi shakkar idonta, ko kunnenta, ko hannunta, ta zare itace ta jira. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me ya hana ta gani, ko ji, ko taɓawa? Kuma tambayar tana da tsari, daga na kusa mai araha zuwa na nesa mai tsada.

A fara da kai direba. Gwaggo ba ta cewa a riƙe wuta sai mai ya yi zafi. Haka yawancin motoci ba sa yarda su kama gudun da bai kai wajen kilomita 40 a awa ba. Da yawansu kuma mataki biyu ne, ka kunna na'urar tukuna, sannan ka danna na kamawa. Mutane nawa ne suka sayi mota ta hannu ba tare da littafinta ba, suka yanke cewa abin ya lalace, alhali maɓalli ɗaya suke dannawa?

Daga nan sai kunne, domin shi ya fi yawan kawo matsala. Ka sa wani ya tsaya a baya, ka taka birki ka saki. Fitilu su kama in ka taka, su mutu in ka saki, dukansu har da ta sama. In suna ci kullum, ko ba sa kamawa sam, ka samo bakin zaren. A wasu motocin ƙwan fitila ɗaya da ya ƙone, ko wani irin ƙwai na daban da aka sauya, ya isa ya sa na'urar ta ƙi. Akwai kuma wata dabara ta masu gyara: a hanyar da ba kowa, ka sa kan yatsun ƙafa ka ɗago sandar birki sama kaɗan, sannan ka danna maɓallin. In ta kama, makunnin ne ya goce daga mazauninsa ko ya gaji. Mota mai giyar hannu tana da irin wannan makunni a jikin kuloci ma, shi ma a duba shi.

Sai fiyus. Murfin akwatin fiyus yana ɗauke da zanen da ke nuna na kowane sashe. A zaro na kurus da na fitilar birki a ɗaga su a haske. In zaren ciki ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya. A nan ina roƙon 'yan'uwana direbobi da babbar murya: a daina naɗa jar waya a madadin fiyus. An yi fiyus ne don ya mutu a madadin motar. In sabon da aka sa ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema.

Sai ɗan aike. A ce Gwaggo na cikin ɗaki ta aiko yaro da saƙo, yaron ya tsaya wasa a tsakar gida, laifin ba na Yaya ba ne. Maɓallan da ke jikin sitiyari suna aika saƙonsu ta wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe kamar tabarma a bayan sitiyarin, tana warwarewa tana naɗewa duk sa'ad da ka juya. Ta cikinta wayar oda ke bi, da ta jakar iskar da ke kare direba in an yi karo. Abin da ya sa dattijon nan ya fara da tambayar oda ke nan. In kurus ta mutu, oda ta mutu, maɓallan rediyo suka daina yi, fitilar jakar iska kuma ta kama, to wannan naɗin ne ya tsinke. Sau da yawa hakan na biyo bayan gyaran sitiyari, in an mayar da shi ba a daidaita tsakiyar naɗin ba. Wannan gyara a bar wa wanda ya sani, kuma sai an cire kan batir an ɗan jira, domin jakar iska tana fashewa da ƙarfin da zai iya raunata mutum.

Sai ido. Na'urar tana sanin gudu ne ta wata 'yar na'urar awo, wato sansa, da ke jikin giya, ko ta waɗanda ke gindin kowace taya suna ƙirga juyinta. In allurar maleji tana rawa, ko ta kwanta a sifiri mota na gudu, ko fitilar birki mai rubutun ABS ta kama, hayaƙi ya shiga ido ke nan. Taɓon damina da ya daskare, wayar da tsakuwa ta yanke, boris ɗin taya da aka sauya da wanda bai dace ba, kowannensu na iya jawo haka. Wani lokaci wankewa da mayar da soket da kyau sun wadatar.

Sai hannu. A tsofaffin motoci akwai wata 'yar tukunya a cikin bonet wadda ke jan kebul ɗin totur, wasu da zuƙar iskar injin, wasu da ɗan ƙaramin inji na lantarki. Masu aiki da zuƙar iska suna da siraran bututun roba, kuma zafin bonet a ƙasa irin tamu yana busar da su su tsattsage. Alamar ita ce mota ta kama gudu sannan ta riƙa zamewa a hankali, musamman a hawa, kamar mai iza wutar da hannunta ya yi sanyi. In ka kasa kunne injin na aiki, wani lokaci za ka ji ɗan huci. Sababbin motoci kuwa ba su da wannan kebul, kwamfutar motar ce ke buɗe maƙogwaron injin da kanta, don haka dattin da ya taru a maƙogwaron ko sansar totur da ta gaji su ne abin dubawa.

Akwai kuma abin da ya shafi gidan gaba ɗaya. Ranar da aka kwana da marar lafiya a gidanmu Gwaggo ba ta ɗora kasko. Motoci da yawa haka suke: muddin fitilar gargaɗin injin tana ci, kwamfuta tana hana kurus aiki har sai an magance abin da ya kunna ta. A nan muna da wata ɗabi'a da ke cutar da mu. Wani ya cire abin tace hayaƙin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, ya sayar. Fitila ta kama, sai a liƙe ta da baƙin salatif ko a zare ƙwanta. An rufe bakin mai kuka, ciwon yana nan. In za ka gane, murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Duk fitilun gargaɗi ya kamata su kama na ɗan lokaci. Wadda ba ta kama ba, an yi mata wani abu.

A nan ne sa kwamfuta ke da amfani. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsala. Lamba P0500 tana nuni ga sansar gudu, P0571 da P0504 kuma ga makunnin birki. Sai dai lamba unguwa take nuna maka, gidan kai za ka nema. Mai gyaran kirki in ya ga lamba sai ya bi waya, ya gwada soket, ya auna wuta, kafin ya ce a sayo wani abu. Ƙwaƙwalwar mota tana lalacewa, amma ita ce ta ƙarshe a layin zargi, bayan an wanke kowa.

Motocin zamani sun ƙara wani ido, wanda ke hango motar da ke gaba ya rage gudu da kansa. Yana ɓoye a bayan tambarin gaba ko cikin bamba, wani kuma kyamara ce a saman gilashi. Ƙurar hunturu, taɓo, ko takardar ado da aka manna a wurin suna makantar da shi, tsumma mai laushi kuma ya warkar. In kuwa an taɓa buga gaban motar aka gyara, kamar yadda yake ga da yawa daga waɗanda ake shigo mana da su, idon na iya karkacewa, sai an saita shi da na'ura.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gyaran gaggawa, inda za a haɗe wayoyi biyu a tsallake makunnin birki don kawai kurus ta kama. Wannan daidai yake da toshe kunnen mai iza wuta da auduga a ce ta ci gaba da tura kara. Ranar da tirela ta tsaya a gabanka, ko garken shanu ya ɓullo daga daji, ka taka birki injin kuma yana ja, ba wanda zai ji "Janye!" ɗinka. Ƙananan makunnan nan ba abin wasa ba ne. Daga 1999 zuwa 2009 kamfanin Ford ya yi ta kiran motoci sama da miliyan goma a mayar don gyara, saboda wani ɗan makunnin kashe kurus da ruwan birki ke iya shiga har ya tayar da gobara. In babban kamfani ya ɗauki abu ɗan mitsitsi da wannan nauyi, bai kamata mu mu maye gurbinsa da guntun waya ba.

Ko bayan kurus ta gyaru, a tuna Gwaggo ba ta taɓa barin gaban kasko don tana da mai iza wuta. Kurus ƙafa take hutarwa, ido da hankali suna nan a kan aikinsu. Ba a kunna ta ana ruwa, ko a cunkoso, ko a hanya mai ramuka, ko a cikin gari ranar kasuwa inda yara da 'yan acaɓa ke gilmawa. Wanda kuma ya ji barci na fizgarsa, wuri zai samu ya tsaya, domin mota mai riƙe da gudunta ba ta san direbanta ya yi gyangyaɗi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka danna ta ƙi kamawa, kada ka yi fushi da ita, kada kuma ka yi saurin buɗe aljihu. Sauka ka zagaya baya ka dubi fitilun birki. Danna oda. Kalli allurar maleji da fitilun gargaɗi. Duba fiyus. In abin ya wuce nan, nemi mai gyaran da ke tambaya kafin ya kama sifana, kuma kada ka yarda a tsallake wani makunni komai saurin da kake yi. Ka taka totur da ƙafarka har ka isa gida, a gyara ta yadda ya kamata. Gara a jira da a ƙona kasko. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.